Ina mata da matasa a ƙungiyarmu ta masu kai bincike kasuwa?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa. Jiya mun yi mitin ɗin ƙungiyarmu ta masu kai sakamakon bincike ga manoma da kamfanoni, na duba zauren kusan duk dattawa ne maza, kuma Turanci aka yi ta zubawa har aka tashi, wallahi abin ya tsaya min a rai. Ya za mu yi mu jawo mata da matasa?

'Yar Tudun Wada:
Malam ai lokacin ma matsala ne, bayan magariba wace matar aure za ta taso daga Shika? A mayar da shi safiyar Asabar, a rage wa ɗalibai kuɗin rajista. Kuma dubi irin waken nan mai suna SAMPEA da IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ke fitarwa, mu mata muke ƙosai da alale da shi, mu muka san wanda ke tashi a mai, to a sa mu cikin kwamiti mana ba sai ranar rabon abinci ba.

Baban Basawa:
Gaskiyarki Hajiya. Ni dukawa da masu walda na Sabon Gari nake tunani, suna ƙirƙira sosai amma da yawansu ba su ma ji labarin NOTAP, hukumar tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, ba balle rajistar haƙƙin ƙirƙira. A yi musu zama da Hausa.

Ƙanin Kongo:
Yaya dan Allah a sauko da mitin ƙasa, keken guragu nake hawa, bene ya hana ni zuwa sau biyu.