An sauya masu kwangila ina tsakiyar jinya: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun bayan haihuwata ta biyu nake fama da ciwon damuwa. Ban bi ta wurin GP (likitan unguwa) ba, ni na cike fom da kaina, tun da shirin NHS Talking Therapies (jinya ta hanyar tattaunawa na hukumar lafiya ta ƙasa, NHS) a nan Ingila ya yarda mutum ya kai kansa. Aka haɗa ni da wata baiwar Allah mai ba da shawara, aka ce za mu yi zama goma sha biyu. A zama na shida ta gaya mini cewa kwangilar yankinmu za ta koma hannun wata ƙungiya a farkon wata mai zuwa, ita kuma ba za ta bi su ba. Kwana huɗu bayan haka wasiƙa ta iso, abin da ke ciki bai wuce "za a tuntuɓe ki" ba.

Sai da muka yi zama uku kafin bakina ya buɗe wa matar nan. Yanzu a ce in koma gaban baƙuwar fuska in faro labari daga tushe? Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan, ko mai jinya ne ko ma'aikaci, ya faɗa mini yadda ta kaya.

Abu Sadik

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanifa, Allah ya ba da lafiya. Ina aiki a matakin farko na wannan shiri, mu ne masu kiran waya da koyar da dabarun CBT (jinyar sauya tunani da ɗabi'a) na taimakon kai. Sau biyu ana sauya mini shugabanni ban motsa daga kujerata ba.

Kuɗin na NHS ne, amma hukumar yanki ce ke zaɓen wanda zai yi aikin. A da CCG ake kiran waɗannan hukumomin, daga Yulin 2022 suka zama ICB. Wanda aka ba yana iya zama asibitin NHS, ko ƙungiyar agaji, ko kamfani mai zaman kansa. Idan wa'adin kwangila ya cika aka ba wani, akwai dokar TUPE ta 2006 da ke ɗauke ma'aikata zuwa sabon mai aiki da albashinsu da shekarun aikinsu. Shi ya sa galibi masu jinya ba sa ma lura, tambarin saman wasiƙa ne kawai ke sauyawa. Sai dai dokar ba ta rufe masu aikin kansu ba, waɗanda ake biya bisa yawan zaman da suka yi. Ina kyautata zaton mai ba ki shawara tana cikinsu.

A sauyinmu na biyu abin da ya wahalar da mu shi ne manhajar fayil. Tsohuwar daban, sabuwar daban. Mun yi wajen mako uku ina kiran mutane ban ga bayanin zamansu na baya ba, ina ba da haƙuri kamar ni na yi laifin. Shawarata, kada ki jira su. Ki roƙi mai ba ki shawara ta rubuta taƙaitaccen bayanin miƙa jinya tun tana nan, ku karanta tare, ki riƙe kwafi. Sannan ki nemi a rubuta miki cewa kina cikin masu jinya, ba masu sabon rajista ba.

Anti Larai

Ƙanwata, kada hankalinki ya tashi sosai. Ni sauyin alheri ya zame mini. Tsofaffin ba sa zama bayan ƙarfe biyar, ni kuma aikin asibiti nake yi, sau biyu na rasa zama har suka yi barazanar rufe fayil ɗina. Sababbin suka zo da zaman yamma da na bidiyo. Na sake ba da labari daga farko, gaskiya ne, amma na biyun bai yi ciwon na farko ba.

Malam Ɗanjuma

Anti Larai, na taya ki murna, amma bari a ji ta ɓangaren waɗanda aka kayar.

Shekara bakwai ina kula da lissafi a wata ƙaramar ƙungiyar agaji. Masu ba da shawararmu tara ne, suna jin harsuna biyar tsakaninsu. Ba mu taɓa riƙe babbar kwangila ba, ƙarƙashin wanda ya riƙe muke, yana turo mana mutanen da Turanci bai zauna musu ba. Da aka buɗe gasar, hukumar ta haɗe yankuna uku ta mai da su kwangila ɗaya. Daga nan mun san ba da mu ake ba. Sharuɗɗan kuɗin shiga na shekara da inshora kaɗai sun fi ƙarfinmu. Manyan suna da mutanen da ba su da wani aiki sai rubuta takardun neman kwangila, mu kuwa ni da shugabarmu ne muke yi da daddare bayan an tashi. Wanda muke ƙarƙashinsa ya faɗi, muka faɗi tare da shi. Wanda ya ci ya ambaci "haɗin gwiwa da ƙungiyoyin al'umma" a takardarsa, amma wata huɗu muna aika saƙo kafin a amsa mana.

Abin da ya fi ba ni haushi, tun 1 ga Janairun 2024 akwai sabon tsarin zaɓen masu aikin lafiya, PSR, wanda bai tilasta gasa ba. Idan mai kwangila yana aikinsa yadda ya kamata, kuma ba a sauya kwangilar sosai ba, hukumar tana iya sabunta masa kai tsaye. To amma da zarar an haɗe yankuna, an sauya ta sosai ke nan. Akwai kwana takwas na aiki da ake dakatawa kafin sa hannu don masu ƙorafi su kai kuka. Mun duba, muka ga ba mu da bakin magana, tun da ba sunanmu ne a takardar ba.

Ummu Yasir

Ni tafinta ce, Hausa da Turanci, kuma maganar Malam ta taɓa ni. A tsohuwar kwangila ana ƙoƙarin ba mai jinya tafinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Da aka sauya, sai aka koma tafintan waya, duk wanda ya ɗauka. Wata dattijuwa da na raka zama biyar ta daina zuwa. Na gamu da 'yarta daga baya, ta ce uwar ta ce ba za ta riƙa tona cikinta ga murya uku ba.

Kuma ku sani, fom ɗin PHQ-9 na auna damuwa da ake cikewa kowane zama ba ya fassaruwa cikin sauƙi. Tambaya tara ce kan makonni biyun da suka wuce. Ta taran tana tambayar ko mutum ya yi tunanin gara ya mutu. Idan tafinta bai san mutumin ba ya jefa masa wannan ta waya, amsar da zai samu ita ce "a'uzubillahi, a'a", ko da akwai magana a ƙasa.

Abu Sadik

Ummu Yasir, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Waɗannan makin su ne ake auna kwangilar da su. Tun da aka kafa shirin a 2008 da sunan IAPT, bisa shawarar masana David Clark da Richard Layard, aka gina shi kan ƙidaya: PHQ-9 na damuwa, GAD-7 na fargaba. Wanda ya fara da maki 10 ko sama a na farko, ko 8 ko sama a na biyu, ya kuma sauko ƙasa da iyakar a duka biyun, an ƙidaya shi ya warke. Burin da aka daɗe ana bi a baya shi ne rabin mutane su warke. Burin lokacin jira kuma, kashi 75 cikin ɗari su fara cikin mako 6, kashi 95 cikin mako 18. Ni ban ƙi ƙidayar ba, ita ce ta sa ake iya kama wanda ba ya aiki. Matsalar, agogon yana tsayawa ne a zama na farko. Jiran da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne mutane ke kuka da shi, kuma a lokacin sauyin kwangila nan ne layi ke taruwa.

Hajiya Turai

Na taɓa zama wakiliyar masu jinya a kwamitin da ya ba takardun 'yan takara maki, don haka ba zan yarda a ce duk abin cuwa-cuwa ba ne. Mun yi kwana biyu muna karatu, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a haɗu a daidaita. Ba a nuna mini farashi ba sam, tambayoyi biyu aka ba ni, kan sauƙin isa ga cibiyar da yadda ake jin koken masu jinya. Abin da na gane shi ne takarda muke aunawa. Wanda ya iya rubutu ya fi wanda ya iya aiki samun maki, in dai mai aikin bai iya faɗar aikinsa ba. Na tambayi me za a yi da waɗanda ke tsakiyar jinya ranar sauyi, aka ce yana cikin shirin karɓar aiki, wani ne zai duba wannan sashen. Har yau ina cizon yatsa da ban nace ba.

Malam Ɗanjuma

Hajiya, ban ce cuwa-cuwa ba. Cewa na yi an yanka rigar daidai jikin manya.

Anti Larai

Maman Hanifa, abu ɗaya na manta. Idan dare ya yi miki tsawo kafin su kira, ki buga 111 ki zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai kin jira kwangilar kowa ba.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi zama na bakwai, na kai mata maganar Abu Sadik. Ashe haka ne, aikin kanta take yi. Mun rubuta bayanin tare, shafi ɗaya da rabi, na sa ta cire abu biyu da nake so in faɗa da bakina idan na ga fuskar sabuwar. Ta kuma samu izinin haɗa mini zama biyu a mako mai zuwa, don haka tara zan yi da ita, saura uku. Na kira lambar da ke jikin wasiƙar, wadda ta ɗauka ta ce sunana yana jerin masu ci gaba da jinya, amma ba za ta iya ba ni rana ba sai sun karɓi fayiloli. Ummu Yasir, in dattijuwar nan tana so, ki gaya wa 'yarta tana iya sake cike fom ɗin ta kuma nemi tafinta ɗaya tun a wayar farko.