Zafin Abuja ya kai akwatin siga digiri 31, mene ne mafita?

Sitokifa, Wuse II:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ajiyar babbar taba, wato siga irin ta Kyuba da Nikaraguwa. Akwatin katako ne na ajiyarta, wanda ake kira humido, mai cin kara 100, yanzu akwai kara 70 a ciki. Tun da Maris ya kama ma'aunin ciki yake nuna digiri 29 zuwa 31 da rana, laima kuma tana yawo tsakanin kashi 58 da 74. Sai da yamma ake kunna AC a ɗakin. Kara biyu ganyen bayansu ya tsage, ɗaya kuma na ga ɗan rami a jikinsa kamar an soka allura. In saka akwatin a firji ne, ko akwai dabarar da ta fi? Wuta kuma kun san halinta.

Malam Danjuma, Garki:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar firji tukuna, wannan ramin da ka gani shi ne na gaggawa. Aikin ƙwaron taba ne, ɗan ƙarami ja-ja wanda bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ƙwansa yakan taho a cikin ganyen tun daga inda aka naɗe shi, yana nan kwance muddin akwai sanyi. Da zarar zafi ya haura digiri 22 zuwa 23 ya daɗe a haka, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci ganyen daga ciki, in ta girma ta huda ta fito ta zuba sabon ƙwai a maƙwabta. Riƙe karan a tsaye, ka ɗan buga bakinsa a kan farar takarda. Idan gari mai launin ƙasa ya zubo, magana ta tabbata.

Yau ɗin nan ka fitar da duka 70, ka duba su ɗaya bayan ɗaya a wuri mai haske. Mai rami a jefar da shi nesa da ɗakin. Sauran ka raba su goma goma cikin leda mai zif, ka matse iskar a hankali, ka sake sakawa cikin leda ta biyu. Kwana 1 a firji, sannan kwana 3 zuwa 4 a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, sannan kwana 1 a firji, sai kuma rabin yini a ɗaki ba tare da an buɗe ledar ba. Kwana ɗaya ɗayan nan na firji kada ka tsallake su, domin ganyen baya siriri ne ƙwarai, sauyin zafi farat ɗaya shi ke fasa shi. Kuma kwanakin firiza a jere ake nufi. In wuta ta ɗauke har kayan ciki suka saki, lissafi ya koma farko, don haka nemi babbar firizar kwance wadda take cike da kaya kuma tana kan janareto. Ɗan gidan ƙanƙara na saman ƙaramin firji sau da yawa ba ya kai wannan sanyin.

Kafin su dawo, ka zuƙe ƙurar akwatin har kusurwoyi, ka cire faifan ciki ka duba ƙarƙashinsa.

Zancen ajiya a firjin gida kuwa, a'a. Sanyinsa digiri 3 zuwa 5 ne, iskarsa busasshiya, cikin 'yan kwanaki siga za ta bushe ta yi ƙaras. Sannan taba tana shan wari kamar soso, duk abin da ke kusa, albasa ko kifi ko daddawa, sai ka ji shi a hayaƙi. Abin da ake nema digiri 18 zuwa 21 ne, laima kashi 65 zuwa 70.

Injiniya Bulus, Gwarinpa:

Na goyi bayan Malam Danjuma. Bari in ɗora a kan na'ura. Akwatin katako ba ya hana zafi shiga, laima kawai yake riƙewa, duk zafin ɗaki a ƙarshe shi ne zafin cikinsa. Abin da aka fi amfani da shi shi ne ƙaramin firjin ajiye kwalaben inabi, kuma iri biyu ne.

Akwai marar kwamfireso, mai aiki da farantin Peltier, wani ɗan farantin lantarki da ke sanyi ta gefe ɗaya, da fanka. Ba ya girgiza, ba ya busar da iska sosai, amma ƙarfinsa yana da iyaka: kusan digiri 10 zuwa 12 yake iya ragewa daga zafin ɗaki. A ɗakinka mai 31 zai ba ka 20 ko 21, wannan ya yi. Amma in aka kai shi ɗakin sama da ke ƙarƙashin kwano, inda bazara ke kai zafi 36, to 25 za ka samu, yana ta aiki dare da rana har fankar ko allon wutarsa ya ƙone. Mai kwamfireso kuwa zafin ɗaki bai dame shi ba, sai dai duk lokacin da ya tashi yana tsotse ruwan iska ya tara a bangon baya, laima ta faɗi ƙasa, in ya tsaya ta sake hawa. Wannan hawa da saukar ita ce ke tsaga ganye. Wasu kuma sanyinsu ya yi yawa, ba sa yarda a ɗaga su har digiri 18, sai ka duba kafin ka biya.

Maganin duka biyun ɗaya ne: kada siga ta zauna tsirara a ciki. Zuba ta a robar abinci mai murfi da ke kullewa ta gefe huɗu, mai zoben roba a baki, ka shimfiɗa siririn katakon sida na tsohon kwalin siga a ƙasa, ka sa fakitin Boveda, wato ƙaramar jakar da ke daidaita laima. Mai gram 60 guda ɗaya ga kowane kara 25. Lambar jikinsa ita ce kashin laimar da yake riƙewa, na fi son mai lamba 65 a kan 69 a nan, saboda iska in ta yi sanyi laimarta hawa take yi.

Sauran ƙananan abubuwa. Sabon firji yana warin roba, a wanke shi da ruwan ɗumi da hodar baking soda, a bar ƙofa buɗe kwana 2 ko 3. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango. A saita shi 19 ko 20, ba ƙasa ba, gwargwadon sanyin da ka nema gwargwadon gumin da zai tara. A cika gurbin da ya rage da gorunan ruwa rufaffu, su ne za su riƙe sanyi in wuta ta tafi, kuma lokacin ba a buɗe ƙofa. A haɗa shi da sitabilaiza. Ƙaramin mai Peltier yana cin wat 60 zuwa 70, wato batir ɗaya mai 200Ah a kan inbata zai kai shi kusan awa 14 idan shi kaɗai ne a kai.

Baba Audu, Rayfield, Jos:

Injiniya, bayaninka daidai ne, amma ina da ja a wuri ɗaya. In babu inbata, firjin nan illarsa ta fi amfaninsa. Taba da ke sauka 19 da dare ta hau 30 da rana kullum ta fi wahala a kan wadda ta zauna 25 ba motsi. Tunda an riga an kashe ƙwan a firiza, babban haɗarin 25 ya ragu, saura fumfuna, ita kuma laima ce ke kawo ta.

Wanda bai da tsayayyiyar wuta ya nemi kula mai kauri, irin ta ƙanƙara, sabuwa wadda ba a taɓa zuba abinci ba. Robobin siga su shiga ciki, a ajiye kular a ƙasa a kan tayil, a ɗakin tsakiya na ƙasan bene, nesa da bangon yamma da taga da bayan talabijin. Kula ba ta ƙirƙirar sanyi, tana daidaita na dare da na rana ne. In ana son ƙari, a sa gorar ruwan sanyi ɗaya naɗe da tawul a kusurwa safe da yamma, kada ta taɓa robar. Ban ce ƙanƙara ba, ita tana jiƙa komai.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don ajiye kayan miya. Aikinta irin na randa ne, ruwa na tashi yana tafiya da zafi. A Fabrairu da Maris, iska a bushe, tana aiki sosai in robar a kulle take. Da damina ta sauka ta tashi aiki.

Mu nan Jos tudun ya kai mita 1,200, zafi bai cika damunmu ba, hunturu ne matsala. Ku ma daga Disamba zuwa Fabrairu laimar waje takan faɗi ƙasa da kashi 30, a Agusta ta haura 80. Akwatin da murfinsa ke shan iska ba zai jure wannan ba. Gwada naka: datse takardar kuɗi da murfin ka ja. In ta zare ba turjiya, wannan ne ya sa ma'auninka ke yawo daga 58 zuwa 74.

Sitokifa, Wuse II:

Allah ya saka da alheri. Na gwada, takardar ta zare salin alin ta gefen hagu. Sauran tambaya biyu: soson da ya zo da akwatin, zan iya jiƙa shi da ruwan batir? Kuma yaya zan san ma'aunin gaskiya yake faɗa?

Malam Danjuma, Garki:

Ruwan batir na bakin titi kada ka kusance shi, wani ana haɗa shi da asid. Tataccen ruwa (distilled water) na kantin magani ake sawa. Ruwan famfo da na leda suna toshe soson da gishirinsu, suna kuma kawo fumfuna. Ni dai shawarata ka cire soson gaba ɗaya, domin bayarwa kawai ya iya, fakitin kuwa yana bayarwa yana kuma tsotsewa in laima ta yi yawa. In fakitin ya taurare a canza shi.

Gwajin ma'auni da gishirin girki ake yi. Cika murfin gora da gishiri, ɗiga ruwa kaɗan har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Saka shi tare da ma'aunin a leda mai zif, rufe, bar su awa 24 a inda zafi ba ya sauyawa. Ya kamata ya nuna 75. In 71 ya nuna, rubuta a jikinsa cewa a riƙa ƙara 4. Mai allura da ke zuwa manne da akwati yawanci ado ne, sayi mai lambobi wanda ke tuna mafi zafi da mafi sanyin da aka yi, shi zai gaya maka abin da ya faru da tsakar rana.

Abu na ƙarshe, in baƙo ya nemi siga da damina, kada a miƙa masa ita kai tsaye daga sanyi. Iska mai digiri 30 da laima 70 tana zubar da raɓa a kan duk abin da bai kai 24 ba. A ciro karan a saka a ƙaramar leda, a rufe, a ba shi minti 20 zuwa 30 kafin a yanka.