Masarar kwari ta yi ɗorawa bayan na sa yuriya, in ƙara taki?

Ɗan Tudun Wada:
Salam manoma, don Allah a ba ni shawara. Gonata rabi tudu ce rabi kwari, taki iri ɗaya na sa, kamfa da farko sai yuriya da masarar ta kai sati 5. To tunda ruwan Agusta ya kankama ta tudun kore shar, amma ta kwarin ganyen ƙasa duk ya yi ɗorawa kuma ta tsaya cak, ruwa har kwana uku yana kwance a wurin. In ƙara mata buhu ne ko yaya?

Baba na Auyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka ƙara yanzu, wallahi asarar kuɗi ce. Saiwar masara sai da iska, in ruwa ya cike ƙasa ya kwanta saiwar shaƙewa take ta fara ruɓa, ko taki na gabanta ba za ta iya ja ba, shi kuma naitirojin, sinadarin abincin shuka da ke cikin yuriya, wanda shi ne kashi 46 cikin 100 na buhun, wani ruwa ya tafi da shi ƙasa wani ya zama iska ya tashi. Ka fara yanka wa ruwan hanya ya fita, in ƙasa ta tsane ka sa kaɗan a gefen gindi ka binne, kar ka watsa a sama.

Manomin Gwaram:
Gaskiya Baba ya faɗa. Amma ka duba ganyen da kyau tukun, in ɗorawar daga tsinin ganye ta faro ta bi tsakiya to ƙarancin naitirojin ne, in gefe-gefen ne ya ƙone ƙarancin sinadarin fotash ne, in kuma ya yi shuɗi-shuɗi da ja to ƙarancin sinadarin fosfaras ne. Mu nan ƙasarmu yashi ce ruwa ba ya kwanciya amma taki ma ba ya zama, shi ya sa nake raba yuriya kashi biyu kuma ba na wasa da takin shanu da rani, shi ke riƙe ta.

Ɗan Tudun Wada:
Ta tsakiya ta bi kam. Badi fa ya zan yi da kwarin?

Baba na Auyo:
Ka ɗaga kunya sosai ka shuka a kanta, ka bar magudana tun wajen huɗa. In wurin duk shekara haka yake cika, ni dai shinkafa zan sa masa, masarar ta tsaya a tudu.