Masu jan manyan jif a ƙauye, yaya kuka samu sabon injin nan mai turbo?

Direba daga Gumel

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ke nan ina jan maigidana, ɗan kasuwar riɗi da zoɓo ne, kuma duk tsawon lokacin nan Land Cruiser mai V8 muke hawa, injin lita 4.6. Yanzu yana son ya sayar da ita ya ɗauko sabuwar da ake kira 300, ya ce in bincika masa tunda ni ne zan riƙe sitiyari. Abin da ke takarda na karanta: 2021 ta fito, silinda shida ce, ana kiranta lita 3.5, turbo biyu (wato fankar da ke danna wa inji iska), ƙarfin doki 409, giya goma. Amma mu ba a kwalta muke wuni ba. Ranar Alhamis muna Maigatari, sauran ranaku muna cikin ƙauyuka wajen manoma, hanyar yashi zalla. Don Allah wanda ya ja ta da hannunsa ko ya buɗe injinta, ya gaya mini abin da ya gani. Amana aka ɗora mini, ba na son in kai wa Alhaji ji-ta-ji-ta.

Direba daga Ringim

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Shekara biyu ina jan irinta. Maganar ƙarfi kam ka cire kokwanto. Ranar farko da na taka totur a hanyar Gujungu sai da gabana ya faɗi, don ban saba mota mai nauyi haka ta zabura da ɗan taɓawa ba. V8 sai ka matsa mata ta yi gurnani kafin ƙarfin ya zo. Wannan kuwa tun allurar juyin inji tana kan 2,000 ƙarfin juyinta ya cika, 650 suka rubuta a ma'auninsu. A yashi wannan shi ne abin nema, ba ka buƙatar ka yi ta kwarma mata wuta, a hankali take haƙa ta fita. Kuma sun ce sun rage mata nauyi kusan kilo 200, ana jin hakan a kwana.

Shan mai fa, kada a ruɗe ka. In kana tafiya a natse a kan kwalta ta fi V8 sauƙi, na gwada su duka. Amma in ka shiga yashi da kaya da mutum bakwai ga esi a kunne, turbo na aiki ba hutu, bambancin sai ya zama kaɗan. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 babu maigidan da ba ya kallon allurar mai, shi ya sa na faɗa.

Bakanike, Wudil

Malam direba, tambayarka ta yi kyau. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa kusan kullum ina ciki neman kayan mota. Bari in faɗa maka abin da ke kawo mini irin waɗannan motocin, don mafi yawa ba daga ƙirar injin ba ne, daga hannunmu ne.

Na farko ƙura. Turbo iska yake zuƙa ya danna wa inji, fanka ce ƙarama mai juyi sama da dubu ɗari a minti. Duk ƙwayar yashin da ta wuce filtar iska, a kan fikafikan fankar nan take sauka. An taɓa kawo mini wata daga wani ƙauye bayan Gaya, ba ta da ƙarfi, tana fito kamar busa. Da na ciro filtar na ɗaga ta ga rana, sai ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji. Ashe yaron da ke kula da motar duk mako yake kai filtar wajen mai faci a hura mata iska mai ƙarfi, yana ganin tsafta yake yi. Takardar ta yage. Na sa yatsa cikin bututun da ke bayan filtar, ya fito da jar ƙasa mai laushi kamar garin lalle. Bakin fikafikan turbo ɗaya ya cinye kamar an goga masa zarto. In hunturu ya shigo, ka riƙa buɗe filtar nan kana dubawa, ka kakkaɓe ta a hankali da hannu, in ta cika ka canza. Ka ajiye guda a bayan mota.

Na biyu baƙin mai. Mun saba da mai kauri, 20W-50, muna cewa ƙasarmu zafi. Injin nan an ƙera shi da ƙananan hanyoyin mai, siririn mai yake so, irin 0W-20 ko abin da littafin motar ya ce. In ka zuba mai kauri, da asuba lokacin sanyi kafin ya isa turbo ƙarfe ya riga ya goga ƙarfe. Kuma kada ka jira kilomita dubu goma kafin juye. A hanyarku ni dubu biyar nake ba da shawara.

Sai lagireto. Don Allah ban da ruwan rijiya, kuma kada wani ya ce zai cire maka tamostat wai don kada ta yi zafi. Wannan dabarar zamanin kafireto ce.

Tsohon direba, Kazaure

Ɗana, ni tun zamanin da ake tada mota da turi nake tuƙi, zan faɗi nawa ko da ba zai yi daɗi ba. Ku tambayi mai sayarwa injin lita 4.0, wanda ake kira 1GR. Silinda shida ne shi ma, babu turbo, shi ne a Prado da yawa, kuma a wasu ƙasashen ana sa shi cikin wannan sabuwar bodin. Ƙarfin dokinsa wajen 270 ne, bai kai mai turbo ba, amma tun farkon shekarun 2000 yake aiki, babu garin da za ka je a Jigawa ka rasa wanda ya san cikinsa. Na taɓa lalacewa da shi da daddare tsakanin Roni da Gwiwa, koyil ɗaya ya mutu. Na lallaɓa da silinda biyar har gari, da safe wani yaro ya canza mini cikin minti goma. Ka tambayi kanka, in sabuwar nan ta kunna wuta a dashbod a bayan Babura, wa zai sa mata kwamfuta?

Direba daga Ringim

Baba, gaskiya ka faɗa, wannan ita ce damuwata ni ma. Sau biyu ina kai ta Kano don a karanta mini wutar da ta kunna. Ɗaya ma sansar iska ce kawai ta yi datti, aikin minti biyar, amma sai da na ɓata wuni.

Ma'aikaciyar lafiya, Auyo

Ni ba direba ba ce, amma aikin rigakafi ya sa na shekara ina zama a bayan irin waɗannan motoci, kuma akwai ranar da ba zan manta ba. Daminar 2022, lokacin ambaliya, za mu kai magani wani ƙauye da ruwa ya yanke. Direbanmu mutumin kirki ne, ya ce motar tana shiga ruwa har santimita 70, haka aka rubuta. Ya shiga da ɗan gudu, ruwan ya taso gaban motar kamar bango ya haye bonet. Sai muka ji wani ƙara ɗaya, ƙwas, ta mutu. Ya kai hannu zai sake tayarwa, wani dattijo da ke tsaye da kwalekwale ya ɗaga murya, "Kada ka murza, yaro!" Shanu biyu da matasa suka ja mu waje. Daga baya bakanike ya ce ruwa ya shiga silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe. Ya ce da an sake murza makulli da injin gaba ɗaya ya tafi. Kwalayen magani a ka muka ƙarasa da su. Ɗan uwa, kowace za ku saya, ka san inda take shaƙar iska kafin damina.

Mai shagon kayan mota, Dambatta

Akwai abin da ya kamata ka gaya wa Alhaji, kuma kamfanin da kansa ya sanar, ba ƙage ba ne. A 2024 Toyota ta kira a dawo da motoci kusan 102,000 don gyara a Amurka, Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023, masu wannan injin. Dalili shi ne ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin wasu injuna tun daga masana'anta, wanda zai iya cin metal ɗin karanshaf har inji ya buga. Daga baya suka ce za su canza injin kyauta. To motocin Amurka suna zuwa mana ta Kwatano da Legas. In 'yar hannu ce za ku saya, ka karɓi lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, a duba a shafin kamfanin ko tana cikin waɗanda aka kira, kuma ko an yi mata aikin. Ka saurari injin da safe kafin ya ɗumi, ka sa a kwance filtar mai a duba ko akwai ƙyalli a ciki.

Ga Baba na Kazaure kuma, guje wa turbo zai yi wuya nan gaba. Nissan Patrol ma da ta fito a 2024 ta ajiye V8 mai lita 5.6, ta ɗauki silinda shida mai turbo biyu.

Bakanike, Wudil

Na manta da fetur, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Injin nan nozul iri biyu gare shi, wasu suna fesa mai a bututun iska, wasu kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfin gaske, hujinsu kuwa ya fi bakin allura ƙanƙanta. Kun tuna gurɓataccen man nan mai metanol na Fabrairun 2022? A watan ban huta ba. Sannan man bunburutu. Wani ya sha galan biyu a gefen hanya da daddare don ya ƙarasa gida, motar ta riƙa shaƙewa tana rawa. Da muka sauke tanki muka zuba a roba, ruwa ya kwanta a ƙasa da tsatsa, fetur a sama. Famfon mai da nozul biyu suka tafi. Tsohuwar V8 ma ba ta son irin wannan, amma tana haƙuri fiye da wannan. Ka cika tanki a gidan man da ka yarda da shi kafin ka shiga daji. In kuma ka taso daga doguwar tafiya ko ka fito daga yashi, ka bar ta ta yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, turbo ya huce.

Direba daga Gumel

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na zauna da Alhaji na karanta masa komai, labarin Hajiya ta Auyo har sai da ya sa na maimaita. Ya ce ba zai sayar da V8 ɗin ba tukuna, ita za ta ci gaba da shiga ƙauye, Asabar kuma mu je Kano mu ga mai turbo da mai lita 4.0 ido da ido. Oga na Wudil, in hali ya yi ko za ka raka mu? Ina son ka nuna mini yadda ake gane filtar iska ta asali da jabu, don ta ƙarshe da na saya ban yarda da robar bakinta ba.

Bakanike, Wudil

In sha Allahu zan zo. Ka taho da tsohuwar filtar a leda, kada ka kakkaɓe ta.