Goyon da Ya Yi Barci a Kan Takarda

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke koyon zane ta zana wata uwa da fensir, tana goye da ɗanta yana barci, na kuwa kawo muku zanen domin mu yi musayar baitoci a kansa da amsa-amon "ya".

Ku dubi uwar da fensir ya tsayar a kan takarda ɗaya,
Ta ɗaure majanyi a ƙirji, ɗanta ya yi barci a baya.
Kuncinsa ya manne da kafaɗarta, kansa ya rinjayi wuya,
Ƙafafunsa sun leƙo ta kwiɓinta, ya saki jiki lafiya.

Malami daga Zengo:
Ƙanena, hannun da ya yi wannan aiki ya san fensir da gaskiya.
Na ga alamar fensirin 6B mai taushi a baƙin kitso da inuwar wuya,
Fatar yaron kuwa fensirin HB mai ɗan tauri aka bi da shi, aka murza da yatsa ɗaya,
Aka bar farin takarda a goshinsa ya zama hasken safiya.
Amma me ya sa uwar ta kafa ido a gaba, ko kaɗan ba ta waiwaya?

Hajiya daga Garin Malam:
Malam, ɗan fari ne a bayanta, abin da ka gani kuwa alkunya,
Mu da muka haihu a Damagaram ba ma kiran sunansa ko a gaban kishiya.
Ka bar fuskarta, ka sauke ido ga hannun da ta miƙa baya,
Wanda ya tallabe shi daga ƙasa, nan ta ɓoye abin da ke zuciya.
Haka na riƙa goyon nawa ranar Alhamis zuwa Kasuwar Dole, ina tafiya,
Numfashinsa yana ɗumama mini gadon baya, bakina bai furta ba ko sau ɗaya.

Malami daga Zengo:
Hajiya, na karɓi gyara, kin warware mini tambaya.

Mai zanen:
Inna, kin gano ni, domin wadda na zana ɗin Yaya ce da ɗanta na fari, babu ƙarya.
Fuskarta ba ta ba ni wahala ba, hannun nan ne ya yi mini wuya,
Sai da na goge shi sau uku, takardar ta kusa hujewa a tsakiya,
Kafin yatsun su kwanta a kan zanen goyo yadda na gan su a jikin Yaya.