Abokina ya ɗora min ɗaukar hoton bikinsa, wace kyamara zan riƙe?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Abokina na ƙuruciya zai angwance nan da sati uku a Zariya, ya ce ba shi da kuɗin ɗauko mai hoto, ni zan yi masa. Na kasa cewa a'a. Canon 2000D gare ni da lensin da ta zo da shi, 18-55. Duk abin da na taɓa ɗauka bai wuce yaran gidanmu da hawan sallah ba. Ina tunanin in sayar da ita in cika kuɗi in sayi Sony A7 III ta hannu. Akwai kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure bayan Juma'a, dina Asabar da daddare. Me kuka gani?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Sayi kawai, kada ka tsaya. A7 III memori biyu take ɗauka, tana kama idon mutum da kanta, batirinta yana wuni. Tun 2018 ta fito amma har gobe ana cin abinci da ita.

Baban Iman: Ɗan Birni, a hankali dai. Duk abin da ka faɗa game da kyamarar gaskiya ne, amma sati uku fa ya ce. Auta, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka koma Sony, lensinka na Canon ba zai hau ba sai da adafta, ka ga wani kuɗin ke nan. Sannan maɓallanta da tsarin cikinta duk baƙi ne a hannunka. Ranar da liman ya ce a yi fatiha kai kana can kana laluben inda ake canza ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka gama yawo. Riƙe wadda yatsunka suka sani.

Auta: To Baba, ai matsalar ita ce da zarar magariba ta yi hotunana sai su riƙa fitowa dishi-dishi. Shi ya sa na ɗauka kyamarar ce ta gaza.

Baban Iman: Ba ita ba ce, lensin ne. Wannan 18-55 ɗin idan ka zuƙo shi zuwa 55 buɗinsa yana tsukewa zuwa f/5.6 (yawan lambar f, ƙanƙantar ƙofar haske), haske kaɗan ke shiga. Sai kyamarar ta rage gudun shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, don ta cike giɓin, kai kuma hannunka ya motsa, ko wanda kake ɗauka ya juya. Nemi Canon 50mm f/1.8 STM. Shi ne mafi araha a lensunan Canon, kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Da shi kaɗai za ka rantse an canza maka kyamara.

Injiniya: Ƙarin bayani kan maganar Baba. Sensar 2000D, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, tana ninka tsawon lensi da 1.6, don haka 50 ɗin zai zame maka kamar 80. Hoton fuskar amarya da ango, ko hannu da lalle, babu kamarsa. Amma a falon gidan biki da ya cika da mata, za ka ja da baya har ka jingina da bango ba ka haɗa mutum huɗu ba. Ni da ni ne, Sigma 17-50mm f/2.8 zan nema, ko na Tamron mai wannan tsawon. Buɗinsa ba ya canzawa ko ka zuƙo, kuma a can ƙarshe yana ba ka haske ninki huɗu na naka. In kuɗi bai kai ba, akwai ɗan siririn nan na Canon, 24mm f/2.8.

Maman Hanif: Sannunku da lissafi. Ni tambaya ɗaya zan yi wa Auta: wa zai bar ka shiga falon da Injiniya ke magana?

Auta: Anti ban gane ba.

Maman Hanif: Kamu sha'anin mata ne, ƙanina. In a hol za a yi, wataƙila ka shiga. In a cikin gida ne, ga gwaggonni ga matan aure an ajiye mayafi, wallahi ko Canon ɗin da kansa ka ɗauko a zaure za ka tsaya. Haka wajen lalle, haka ɗakin kwalliya, haka daren kai amarya. Kuma hotunan da amarya za ta fi kallo nan da shekara goma su ne waɗannan: lokacin da ake ɗaura mata kallabi, lokacin da mahaifiyarta ke mata nasiha tana kuka. Tun yau ka sa ango ya tambayi gidan amarya ina namiji zai iya shiga, ina ba zai shiga ba. Inda ba za ka shiga ba ka nemi mace. Ko ƙanwarka ce, ka saita mata kyamarar, ka koya mata kwana biyu.

Ɗan Birni: Anti ta kashe bakin kowa.

Maman Hanif: Ban gama ba. Kada ka kuskura ka ɗora hoton amarya ko na ƙawayenta a Instagram ko sitatos ba tare da sun ce ka ɗora ba. Na ga zumuncin da ya lalace a kan haka.

Auta: In sha Allahu zan kiyaye. Ƙanwata tana da kai, zan gwada ta. Batun filashi fa? Wani ya yi min tayin Godox TT600, ya ce sabo ne a kwali.

Injiniya: Tsaya! Kafin ka biya, ɗauko kyamararka ka leƙa saman inda ake zura filashin. Ka ga wani babban ɗigon ƙarfe a tsakiya, ban da ƙananan huɗun nan?

Auta: Na duba. Huɗun kawai na gani, tsakiyar babu komai.

Injiniya: To Allah ya so ka. Akwai 2000D da yawa da suka fito babu wannan ɗigon na tsakiya, kuma TT600 da shi kaɗai yake jin umarni. Da ka saya ka ɗora, ko ƙyaftawa ba zai yi ba. Nemi na Canon ɗin kansa, irin 430EX II na hannu, ko Godox TT685 ko V860II masu harafin C a ƙarshe, amma a tabbatar an sabunta manhajar cikinsu, don sai da sabuntawar suke aiki da irin taka. Ka tafi shagon da kyamararka, a ɗora a gabanka, ka harba sau goma kafin ka ciro kuɗi.

Kawu Mai Hoto: Ina ta karatu ban sa baki ba. Ni tun zamanin fim nake wannan sana'a, lokacin da hoto 36 ne a nadi ɗaya, ka ɓata uku maigida ya cire a kuɗinka. Yaro, filashin da za ka saya, kada ka haska shi tsaye a fuskar mutane. Amarya ta sha hoda da jan baki, goshi ya yi gumi, ga leshi mai duwatsu, in ka doka mata haske kai tsaye sai ta fito kamar an shafa mata man gyaɗa. Ɗaga kansa sama, hasken ya bugi silin ya sauko a hankali. Amma je ka ga hol ɗin tukuna. Masu ado yanzu sukan lulluɓe silin da yadi ja ko shuɗi, hasken ya dawo da launin yadin a fuskar kowa. In haka ne, ko silin ya yi nisa, ja ɗan farin katin da ke kan filashin, ko ka ɗaura farar takarda da roba. Mun yi shekaru muna haka.

Auta: Allah ya ƙara girma, Kawu. Ɗaurin auren fa? Shi na ɗauka mai sauƙi ne tunda da rana ne.

Kawu Mai Hoto: Shi ne ma mai wuyar. Na farko, minti nawa ne duka? Waliyyi da wakili su yi magana, a miƙa sadaki, a shafa fatiha, kafin ka gyara tsayuwa maroƙi ya ɗaga murya an ɗaura. Ba a maimaitawa. Ka riga kowa zuwa, ka gaida liman ka nemi izini, ka tambayi inda za su zauna. A cikin masallaci kashe filashi da ƙarar fokos, sa 50 ɗin nan, ka durƙusa gefe kada ka tsallake mutane. Na biyu, da an fito rana tana tsaka. Ango cikin farar gezna tana walƙiya, hula ta yi wa idonsa inuwa, fatarmu kuma ga yadda take. Kyamara takan rikice: in ta gyara fuska, rigar ta ƙone fari fat, aikin da ya biya maɗinki kuɗi mai yawa ya ɓace. In ta gyara riga, fuskar ta yi duhu. Ja shi gindin darbejiya ko inuwar bango, shi da abokansa, a can za ka yi hotunan kirki. Na cikin rana kuwa, kare rigar, fuskar a ɗago ta a kwamfuta.

Injiniya: Wannan ɗagowar da Kawu ya ce sai in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba. Sa ta a RAW haɗe da JPEG. Kunna alamar da ke ƙyafta maka inda fari ya ƙone idan kana duba hoto. Sannan ka tuna filashi a kyamararka ba ya wuce gudun shota 1/200 na daƙiƙa a yadda aka saba, don haka in za ka cike inuwar hula da shi a rana, sauke ISO zuwa 100 ka tsuke lensin.

Baban Iman: Kuma don Allah in ka samu f/1.8 kada daɗi ya kwashe ka ka bar shi a nan wuni guda. Sabon shiga duk haka suke yi. Hoton mutum goma sha biyu layi biyu, hancin na gaba ya fito tar, surukin ango a baya ya zama hayaƙi. Hoton taro f/5.6 zuwa f/8. Kuma maki tara ne kacal na fokos a kyamararka, na tsakiyar ne abin dogaro a duhu, yi aiki da shi.

Ɗan Birni: Na janye batun saye, amma ban janye batun memori biyu ba. 2000D rami ɗaya gare ta. In katin ya mutu fa?

Baban Iman: A nan kam ka yi gaskiya, kuma ni abin ya taɓa ci. Shekarun baya na sayi memori a wani shago, an rubuta 64GB, kwali da tambari komai tsaf, kuɗinsa rabin na sauran. Na yi murna na samu banza. Na ɗauki walima tun safe, ina dubawa a bayan kyamara ina ganin hotuna. Da daddare na zura a laftof, na farko-farkon suka buɗe, sauran duk suka ƙi. Ashe cikinsa bai fi 8GB ba, an yi masa dabara yana nuna 64. Hoton uban amarya da 'yarsa yana cikin waɗanda suka tafi, kuma bawan Allah bai ƙara shekara ba ya rasu. Har yau in na haɗu da angon a masallaci sai na ji wani iri. Auta, sayi 32GB guda uku ko huɗu a wurin wanda ka yarda da shi, maimakon babba guda ɗaya. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, tana cika katin ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Gwada kowanne. Kowane taro da katinsa, in an tashi ka cire ka sa a aljihun gaba, ka kwafe wuri biyu kafin ka kwanta. Kada ka goge ko ɗaya sai ka miƙa aiki.

Maman Hanif: Allah ya jiƙansa. Wannan labarin ya sa ni ma zan je in gwada nawa.

Injiniya: Amin. Abin da zan ƙara, kuɗin da ka so zubawa a Sony, ɗebi kaɗan ka yi hayar bodi na biyu, wato kyamara ba lensi, kuma Canon, don lensuna su yi musaya. 700D ko 80D duk lensunanka za su hau. In ka samu 5D Mark III, ita kati biyu take ɗauka, CF da SD, tana rubutawa a duka lokaci guda, sai dai 18-55 da Sigman nan ba nata ba ne, 50 ɗin ne kawai zai yi, sai ka haɗa hayar da lensin 24-105. Ka karɓo ta kwana biyu kafin biki, ba ranar ba. Amfanin biyun: ɗaya tana hannun ƙanwarka a cikin gida, sannan ranar Juma'a ka rataya duka, ba sai ka kwance lensi a waje ba. Hunturu ake shiga, ƙurar Zariya in ta sauka a sensa za ka ga ɗigo a kowane hoto.

Kawu Mai Hoto: Batir. Kowa ya manta batir.

Injiniya: Haka ne Kawu. LP-E10 take ci, kamfanin ya ce wajen hoto 500 yake yi, in kana yawan kallon allo ba zai kai ba. Uku aƙalla, a cika su tun Laraba, kada ka dogara da wutar gidan biki. Na haya kuma batirinta daban ne, ka ce a haɗo maka da biyu da caja. Filashi in mai cin ƙananan batura ne, saiti biyu.

Ɗan Birni: Wajen dina ka shirya wa masu waya. Da an kira ango da amarya fili za su yi musu zobe, kowa ya ɗaga hannu. Ka samu emsi tun kafin a fara, ka ce ya ba ka minti biyu kai kaɗai a shigowa da yanka kek. Hotunan liƙi kuma ka ba ango a hannu kawai, ka san tun 2024 EFCC take kama mutane kan watsa naira a biki.

Auta: Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa sayar da ita. Gobe zan fita neman 50 ɗin da filashi, da kyamarar a jaka kamar yadda Injiniya ya ce. Sigma sai in kuɗi ya ragu. Akwai sunan ɗan yayata ranar Lahadi, zan fara gwaji a can ni da ƙanwata. Yanzu saura bodin haya. Akwai wanda ya san mai bayarwa a Zariya ko Kaduna?

Baban Iman: Bar hayar. Ina da 700D a ajiye da batir biyu, ba na taɓa ta sai jefi-jefi. Ka zo Asabar ɗin nan bayan la'asar ka ɗauka, ka taho da hotunan da kake cewa suna dishi-dishi in gani. Igiyar wuyanta ta tsinke, sai ka sayo wata a hanya.

Maman Hanif: Ƙanwar taka kuma ka ba ta lambata ta sirri, in nuna mata inda ake tsayawa a ɗakin kwalliya. Kusa da taga za ta zaunar da amarya, ta kashe ƙwan ɗakin.