Wai yaya aka yi garin Zango ya kafu?

Jikan Zango:
Assalamu alaikum. A Kano aka haife ni, amma mahaifina mutumin Zango ne, wadda ke gabas da Daura. Da ƙaramar sallah na je gaida kakata, na tarar da ita bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Muna cikin hira ta ce, "Kai yaro, garin nan da kake rainawa, nan sarautar Daura ta fake." Kafin in ƙara tambaya aka kira magariba, zance ya watse. Tun ranar abin ke cina. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Dattijon Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, gaskiya kakarka ta faɗa. A 1805, zamanin jihadin Shehu, Malam Isiyaku Bafulatani ya ci Daura, sarkin Daura na lokacin, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Ba Zango suka fara sauka ba. Sun sha tashi da sauka shekara da shekaru, can wajen ƙasar Damagaram, kafin 'yan gidan sarautar su kafa zama a Zango. Wani reshen gidan kuma ya zauna Baure. Ka ga ke nan an yi lokacin da sarautar Daura ta rabu uku: Fulani a birni, ga na Zango, ga na Baure. Zango kuwa da Damagaram ta jingina, don ƙaramin gari a bakin iyaka ba ya tsayuwa shi kaɗai.

Da Turawa suka zo, daga Zango aka ɗauko Malam Musa aka mai da shi gadon kakanninsa a Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966, shekara 55 cur. Ni na gan shi da idona ina yaro, ranar hawan sallah, ina kan wuyan babana.

'Yar Baure:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗi da ka ambaci Baure. Kullum in ana wannan zance sai a tsallake mu, abin yana yi mini ciwo.

Jikan Zango:
Na gode, Baba, Allah ya ja kwana. Ranar Juma'a in sha Allahu zan koma, in aje waya gaban kakata in naɗi duk abin da ta sani. Ta haura tamanin, ga ido ya soma rauni.